Ka Riƙe Shi

Jinin na fara gani kafin ciwon. Mun dawo daga asibiti wajen gashin ƙashi, na tsayar da mota a ƙofar gidanmu a Dilimi cikin Jos, na zagayo in kama Baba ya fito, sai na ga gaban farar rigarsa ya yi ja. Na ce, "Baba, mene ne wannan?" Ya sunkuya ya dubi rigar kamar ta wani ce. Bayan hannunsa na hagu ne ya tsage, daga gindin babban yatsa har wuyan hannu, shi kuwa bai ji komai ba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, hannun nan ba ya jin zafi, ba ya jin sanyi. Inda ka ajiye shi nan zai zauna, in mota ta yi tsalle ya zame.

Ban sha wahalar gano abin da ya yanke shi ba. Katakon Oga ne.

Haka muke kiransa a gida, amma ba katako ba ne. Roba ce mai ƙyalli da aka yi wa zanen itace, aka yayyanka, aka mammanna a gaban motar: kewayen rediyo, kewayen giya, bakin ramukan iska, da wani dogon layi da ya bi ta saman durowar gaba har ƙofa. Lokacin da take sabuwa wataƙila ta yi kyau, ni ban gani ba. Abin da na sani shi ne ta tsufa, ta dusashe, gefunanta sun ɗago sun lanƙwashe. Wanda ke gefen giya ya tsage ya yi baki kamar reza, daidai inda hannun Baba yake faɗawa.

Na ce, "Yau ɗin nan zan ɓamɓare shi."

Harshensa ya yi nauyi tun ciwon, sai ka saurara da kyau. Amma wannan na ji ta sarai.

"Na Oga ne."

Baba direba ne. Tun kafin a haife ni yake tuƙa wani babban ma'aikaci a Rayfield, mutumin da har yau ban san shi da wani suna ba sai Oga. Shi ya aiki Baba da motar nan cikin unguwarmu, wajen masu kayan mota, aka manna mata katakon. Da Oga ya yi ritaya ya daina yawan fita, ya sallami Baba, ya miƙa masa makullin motar ya ce, "Ka riƙe shi." Oga bai damu da mota mace ce ko namiji ba, komai shi ne a bakinsa. Baba ya taho da ita gida. Duk unguwa aka shigo ana taya murna an ba shi mota, shi kuma yana gyara wa kowa magana: ba a ba shi ba, riƙo aka ce ya yi.

Da gaske yake. Bai taɓa ɗaukar fasinja da ita ba. Bai rataya ko carbi a madubinta ba. Tashar rediyon da Oga ya bari, a nan ta tsaya, ko da shiii kawai take yi. Kullum da safe ya fito da tsumma ya goge katakon nan har ya ga fuskarsa a ciki. Kujerar baya ta dama kuwa, wurin zaman Oga, ko Umma, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa zama a kai ba har ta bar duniya.

Ni ya koya wa tuƙi, don ni kaɗai na rage. Yayuna maza biyu sun tafi neman abinci, ɗaya Abuja ɗaya Fatakwal. Ƙawayen da muka gama sakandare tare, wasu sun wuce gaba da karatu, wasu suna ɗakunansu a Ali Kazaure da Bukuru da goyo a baya, in na kira su sai in ji yaro yana ihu, a ce bari zan kira ki. Ba a kira. Ni ina gida ina yi wa matan layinmu kitso a tsakar gida, ina dafa wa Baba abinci marar gishiri, ina wanke masa hannu. Wani lokaci sai la'asar ta yi in tuna ban yi magana da kowa ba tun safe, in ban da "ɗaga kai" da "buɗe baki".

Ba wai ban gwada hanyar lalama ba. Na naɗe bakin robar da tsumma, ya sa hannunsa mai lafiya ya warware. Na kawo salatif, ya ce kada in manna komai a motar mutane. Na saya masa safar hannu, yatsun suka ƙi shiga. Na ce to ya koma baya ya zauna, ya kalle ni kamar na ce ya hau mumbarin liman. Keke mai ƙafa uku kuwa mun gwada sau ɗaya, ramin farko ya kusa wurgo shi waje.

Ciwon bai gama rufewa ba robar ta sake kama shi a wuri ɗaya. Baba yana da suga, ciwo ba ya saurin warkewa a jikinsa. Matar da ke yi masa gashi ta warware bandejin, ta duba, ta dube ni.

"Ke ce mai kula da shi?"

"Ni ce."

"To me kike yi ne? Ba zan murza hannu da ciwo a buɗe ba. Kuma in aka daɗe ba a murza ba, naɗewa zai yi, ba mai buɗe shi kuma."

Na kama Baba muka fito. A hanya na faɗa wa Baba zaɓi biyu ne: ko katakon ya fita, ko hannun ya tafi. Muna shiga kwanar gida ya ce, "A bar gashin."

Aka bari. Motar ta zauna a ƙofar gida ruwan damina yana dukanta. Kowace safiya in zo wanke masa hannu in ga yatsun sun ƙara shigewa cikin tafi, kamar yana ɓoye wani abu. Sai na sa ƙarfi kafin soso ya shiga tsakaninsu. Shi kuma bai fasa ba, in ya karya sai ya nuna tsumma da haɓa, in fita in goge abin da ya yanke shi.

Na kira babban yayana. Ya ce, "Ke ma da neman magana. Ki bari ya yi barcin rana ki sa wuƙa ki cire, shi ke nan."

"In ya tashi fa?"

"Zai yi faɗa ya gaji."

"Yaya, ba zai yi faɗa ba. Ba zai sake shiga motar ba ne har abada. Ka manta wane ne ubanka?"

"To ni me kike so in yi daga nan?"

Babu. Na kashe wayar. Dama abin da suka iya ke nan, su ba da shawara daga nesa su ce a gaishe da Baba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne Ogan da ake wa wannan riƙon. Tun da Baba ya kwanta bai leƙo ba, bai aiko ba. Amma in mota ta tsaya a layinmu sai Baba ya ɗaga kai yana saurare, ya gyara hula da hannu ɗaya. Wata safiya na gan shi yana haka saboda motar mai burodi. A nan haƙurina ya ƙare. Na sa hijabi, na ɗauki makulli, na ce masa zan je kasuwa. Rayfield na nufa. Ba gaisuwa za ta kai ni ba. Tambaya ɗaya ce a bakina: motar nan ta wace ce? In tasa ce ya zo ya ɗauki abarsa.

Sau ɗaya na taɓa zuwa gidan ina ƙarama, amma na gane shi da dogayen itatuwan bakin katanga. Unguwar shiru, ba mai talla, ba mai rediyo, ƙarar tayar motata kawai nake ji. Na yi hon, ba wanda ya zo. Na fito na buga ƙofar ƙarfen har hannuna ya yi zafi. Can sai ga wata tsohuwa da rigar sanyi da ɗankwali, ta buɗe ƙaramar ƙofa da kanta. Ba ni ta kalla ba. Motar ta tsaya kallo, ta dafe ƙirji.

"Wayyo. Motan Daddy."

Madam ce, matar Oga. Na gaishe ta, na ce ni 'yar direbansu ce. Ta kama fuskata da hannu biyu ta ce, "Ke ne ƙaramin nan mai kuka? Shigo, shigo, sanyi." Na bi ta muka shiga.

Falon ya fi gidanmu gaba ɗaya girma, kujeru duk an lulluɓe su da zane sai guda ɗaya. A kan tebur akwai tire na acca da take tsincewa. A bango hoton Oga ne babba, an zagaye shi da furannin roba. Na dubi hoton, na dube ta.

"Ya tafi bara," in ji ta. "Ba ku ji ba?"

Ba mu ji ba. Ta ce sun yi ta kiran layin Baba ba ya shiga, har ta yi fushi, ta ce mutumin da ya yi shekara da shekaru da su ko jana'iza bai zo ba. Na ce wayar tana cikin durowa tun da harshensa ya yi nauyi, ya ce ba zai bari mutane su ji shi haka ba. Na faɗa mata ciwon. Ta zauna a hankali a kan kujerar nan guda ɗaya. Ashe ita tana nan tana jin haushinmu, mu muna can ina jin haushinsu. 'Ya'yanta duk suna ƙasar waje. Ta ce suna kira ranar Lahadi.

Ta haɗa min shayi, ban iya sha ba. Na ce, "Mama, ni tambaya ta kawo ni. Motar nan riƙo ce ko kyauta?"

"Wane irin riƙo?"

Na faɗa mata duka, tsumman safe, da kujerar baya, da hannun, da gashin da aka bari. Tana ji tana girgiza kai. Da na kai ga maganar da Oga ya yi ranar sallama, sai ta ajiye kofi da ƙarfi.

"Ina tsaye a wurin! A bakin garejin can. Kip it, abin da yake nufi ke nan. Ka ɗauka, naka ne. Mijina da Turanci yake tunani, Hausa a baki kawai yake juya shi. Ya ba shi ne, yarinya. Har ya shigo yana ce min ya ji daɗi, motan ya samu mai son shi."

Ta fara dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ta sa bakin ɗankwali ta goge ido. Ta rako ni har mota, ta leƙa ta taga.

"Har yanzu wannan abin yana nan? Tun ranan da aka sa na ce ma Daddy ya mai da mota kamar akwatin gawa. Cire shi, don Allah."

Ta karɓi wayata ta sa lambarta da kanta. Ina juya mota ina ganinta ta madubi, tana tsaye a bakin ƙofa da rigar sanyinta, har na sha kwana.

Ban iya kwana-kwana ba, ban taɓa iyawa ba. Na sami Baba a kan tabarma a bakin ɗaki, na durƙusa na ce, "Baba, ba kasuwa na je ba. Rayfield na je. Oga ya rasu tun bara."

Bai motsa ba. Ya ce, "Allah sarki." Ya sake cewa, "Allah sarki." Sai ya cire hular da yake gyarawa in ya ji mota, ya ɗora a gwiwa.

Na ba shi lokaci, iya abin da zan iya. Sannan na ce Madam ta ce motar kyauta ce.

Ya girgiza kai. "Ta magada ce yanzu."

Wallahi saura kaɗan in yi ihu. Na je neman sauƙi na dawo da abin da ya fi na da nauyi: da amanar mutum ɗaya ce, yanzu ta zama dukiyar magada. Na ciro waya na kira Madam, na buɗe murya, na ajiye a kan tabarma tsakaninmu.

"Malam! Kana ji na?"

Abin da Baba ya yi ba zan manta ba. Ya dafa bango yana ƙoƙarin miƙewa tsaye. Don murya a waya. Sai da na danne kafaɗarsa.

"Na'am, Madam."

"Sannu da jiki. Yarinyan ka ya gaya min komai. Ka ji ni da kyau: Daddy ya ba ka motan nan. Ni ma na ba ka. Yara ma sun ba ka, ko sun ƙi ko sun so. Ko sai na zo Dilimi na rantse maka?"

"A'a, Madam."

"To ka bar taurin kai, ka je asibiti."

"To, Madam."

Washegari bai nuna tsumma ba. Bai kuma ce in cire ba. Ya zauna yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo, ni kuma ina ta shiga ina fita kamar wadda ta ɓatar da wani abu.

Ko da ya ce in cire ma, garin bai ba da dama ba. Wani mai gyaran jikin mota a bakin layinmu ya ce min gam ɗin da ke bayan irin wannan roba, in ya yi sanyi ya fi dutse, in na sa sukudireba zan fasa gaban motar ne. Sai ya ɗumama. Ga shi tsakiyar damina a Jos, rana sai ta ga dama. Na aro handiraya, abin busar da gashi da iska mai zafi, a shagon gyaran gashi na maƙwabciyarmu, wuta ta ƙi zuwa. Na yi ta kallon sama kamar manomi.

Ranar da rana ta fito sosai, na rufe gilasan motar na bar ta ta gasu har azahar. Da na buɗe ƙofa zafi ya bugi fuskata. Na shiga da zaren kitsona, baƙin nan mai ƙarfi, da kwalbar kananzir, da tsumma. Na fara da ƙaramin da ke bakin ramin iska. Na zura zaren ta bayansa, na naɗe bakin biyu a yatsuna, ina ja hagu da dama kamar mai yankan sabulu. Gam ɗin ya yi laushi, yana miƙewa yana tsinkewa. Robar ta faɗo a cinyata, ba nauyi ko kaɗan. Wannan abin ne ya hana mutum asibiti.

A ƙarƙashinta gaban motar baƙi ne wuluk, sabo, kamar yau aka fito da shi. Sauran wurin da rana ta ci shekaru tana duka ya koɗe ya yi toka-toka. Na goge ragowar gam ɗin da kananzir, baƙin ya ƙara fitowa.

Ina kan na kewayen rediyo na ji ƙarar sandarsa. Ban ɗaga kai ba. Na ce a raina in ya ce in bari, ban san abin da zan yi ba. Ya zagayo a hankali yana jan ƙafa, ya buɗe ƙofar gaba da kansa, ya zauna. Ya ɗauki hannun hagu da na dama ya ɗora a cinya. Ya kalli baƙin wurin da na buɗe, ya daɗe yana kallo, ya kai yatsa ya taɓa.

"Haka take," in ji shi. "Ran da aka kawo ta."

Na ci gaba da aikina. Na cire na gefen giya, mai bakin rezar, na wurga shi ta taga ya faɗa kwata. Bai hana ni ba. Saura dogon layin da ya bi ta gabansa har ƙofa. Hannuna ba zai kai ƙarshensa ba daga inda nake, zaren sai zamewa yake yi, gumi yana shiga min ido. Na yi tsaki, na miƙa masa bakin zaren ba tare da tunani ba.

"Baba, riƙe nan."

Ya karɓa. Ya dubi zaren, ya dube ni, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga.

"Riƙo," ya ce, "ko kyauta?"

Rabon da in ji Baba ya yi wasa tun Umma tana da rai. Na ce, "Riƙo ne, kuma ka ja da ƙarfi, rana za ta tafi." Ya naɗe zaren a yatsunsa, ni ina ja yana ja, har dogon ya saki gaba ɗaya ya faɗo a ƙafafunsa. Wannan kam bai bari na jefar ba. Ya sa na jingina shi a bayan ƙofar ɗakinsa, yana nan har yau.

Da na gama goge gam ɗin na ce gobe sai asibiti. Ya ce to. Amma a fara kai shi gaisuwa.

Muka je da safe. Ya sa babbar riga da hular nan. Madam ta buɗe babbar ƙofa wannan karon, ta kama shi ta ɗaya gefen, ta yaye zanen wata kujera ta zaunar da shi. Suka fara: hanyar Pankshin kafin a gyara ta, ranar da taya ta fashe da su cikin ruwa, yadda Oga yake barci da jarida a fuska. Harshen Baba yana sarƙewa, ita tana ƙarasa masa. Ni da nake fassara shi ga kowa, a nan ba a buƙace ni ba. Ba labarin da na sani a ciki. Na ce zan duba mota, ba wanda ya ji.

Na zauna a mazaunin direba a ƙarƙashin itatuwan, ina ɓamɓarar gam daga farcena, hannuna yana warin kananzir. Na ciro waya don in gaya wa wani cewa an cire katakon, yau za a koma yi wa hannun gashi. Na bi sunayen daga sama har ƙasa, na mayar da ita jaka. Na kai hannu na murɗa rediyon daga tashar Oga, na yi ta nema har na sami inda ake magana. Na bar shi a nan, ina jira su gama, kada layin asibiti ya yi tsawo.